Yadda ake haɗa bargon jariri da ragowar ƙyallaye

Duk wanda ya leƙa shagon tela ana jibi Sallah ya ga ƙyallayen atamfa jibge a ƙarƙashin teburin yanka, yawancinsu kuwa bola ce makomarsu. Da irin waɗannan ƙyallaye mai koyo zai iya haɗa bargon jariri, muddin ya kiyaye awo, domin a wannan ɗinki daidaiton yanka ya fi kyan zane muhimmanci.

A zaɓi ƙyallaye masu kauri ɗaya, kuma atamfar auduga ta fi daɗin sarrafawa. Leshi da yadi mai santsi a jingine su sai hannu ya faɗa. A wanke su tukuna, saboda wata atamfar tana zuba, wata kuma tana tsukewa idan ta sha ruwa, sannan a goge.

Daga nan a yanki kwali mai santimita 12 a kowane gefe, a ɗora shi a bayan ƙyalle, a zagaye da alli, a yanka bisa tafiyar zaren saƙa, ba a karkace ba. Tunda ɗinki zai ci santimita 1 ta kowane gefe, saura 10 ke nan, don haka bargo mai faɗin 80 da tsawon 100 yana buƙatar ƙyalle 80, wato layi 10, kowanne da guda 8. Kuskuren milimita 2 ba ya ganuwa a ƙyalle ɗaya, amma kafin layi ya ƙare ya haura santimita ɗaya da rabi, kusurwoyi kuma su ƙi haɗuwa, sai an koma farka.

A jera su a kan tabarma, mai duhu kusa da mai haske, a ja da baya a duba kafin a hau keke. A ɗinka su fuska da fuska, layi bayan layi. Wajen guga a kwantar da bakin ɗinkin layin farko zuwa dama, na biyu zuwa hagu, ta yadda mahaɗar ba za ta yi tudu ba.

A ƙarshe a shimfiɗa shafi a ƙasa, tsohon bargo marar kauri a tsakiya, haɗin a sama, a kafe su da fil. Ɗinkin da zai riƙe ukun a fara shi daga tsakiya zuwa gefe don kada shafin ya tattare, sannan a naɗe bakin da tsirin atamfa mai faɗin santimita 6.