Kafin ka fara aika kuɗi gida daga Ingila

Sabon zuwa ba ya cika wata biyu a Landan ko Birmingham sai kiran gida ya fara shigowa, kuma haka zumunci ya gada. Bankin Duniya ya ƙiyasta kuɗin da 'yan Najeriya mazauna ƙetare ke aikawa gida da dala biliyan 19 zuwa 20 a shekara, babu ƙasar da ta kai haka a Afirka kudu da Sahara. Kuɗin nan kai tsaye yake shiga tukunya da kuɗin makaranta da asibiti da taki, sannan yana cikin manyan ƙofofin da kuɗin waje ke shigowa ƙasar bayan man fetur. Don haka abin takaici ne a bar shi yana zubewa a hanya.

Yankinmu na Afirka kudu da Sahara ne ya fi ko'ina tsadar aike, kusan kashi 8 cikin 100 ga mai aika dala 200, alhali Majalisar Ɗinkin Duniya na neman a sauko ƙasa da kashi 3 nan da 2030. Tsadar a wuri biyu take, ladan aike da farashin canji. Kamfani zai ce aike kyauta ne, sai ya zaftare a canji. Bambancin naira 30 a kan kowane fam, idan fam 200 ka tura, naira 6,000 ke nan. Buɗe manhajoji biyu ko uku a lokaci guda, irin su LemFi da Remitly da WorldRemit, ka duba abu ɗaya tak: naira nawa za ta shiga hannun mai karɓa. Ka tabbata kamfanin yana cikin rajistar FCA, hukumar da ke kula da kamfanonin hada-hadar kuɗi a Birtaniya. Ka biya daga asusunka, kada ka yi da katin bashi, domin banki yakan lissafa shi tamkar ka ciri tsabar kuɗi, ruwa ya fara hawa tun ranar.

A can gida kuwa, tun Janairun 2024 Babban Bankin Najeriya ya ce da naira za a riƙa biya. Abin da yakan maƙale kuɗi shi ne suna. Ka rubuta Muhammad, asusun na ɗauke da Mohammed, ko an sauya jerin sunayen. A turo maka sunan daidai yadda yake a BVN. Ƙaramin asusu kuma yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, sai a ɗaga matsayinsa kafin ka tura mai yawa.

Za a nuna maka hanyar bayan fage: ka ba wani fam a nan, ɗan'uwansa ya biya naira a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano. Bayan da aka bar kasuwa ta yanke wa naira farashi a Yunin 2023, ratar da ke tsakanin canjin hukuma da na bayan fage ta ragu ƙwarai, kuma ba ka da rasit in an samu saɓani. Mafi muni shi ne ka yarda kuɗin wani ya ratsa ta asusunka. Idan na zamba ne, banki zai rufe asusun, a sa sunanka a rajistar Cifas, kundin zamba da bankunan Birtaniya ke dubawa, har shekara 6, buɗe wani asusun ma ya gagara.

Kada ka yi alkawari a wata ukun farko, sai ka ga abin da haya da kuɗin ɗumama ɗaki suka rage maka, musamman ɗalibi da doka ta taƙaita wa aikin awa 20 a mako lokacin karatu. Bayan nan ka yanke adadi da rana, ka sanar da Baba ko Inna ko Yaya, mutum ɗaya da zai riƙa rabawa.

Lokaci ma kuɗi ne. Kuɗin hatsi ka tura shi da kaka, Nuwamba zuwa Disamba, sa'ad da gero da masara suka cika kasuwa, a saya a adana, domin tsakiyar damina sukan yi tsada. Na taki ya isa kafin ruwa ya sauka. Kuɗin gini kuwa ka bar shi a fam, ka riƙa sakinsa mataki-mataki, na tushe daban, na rufi daban, kuma sai ka ga takardun filin da sunanka kafin a sauke buhun siminti na farko.