Yadda Ake Zaɓen Lagireton Alminiyam a Maraɗi

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, da wuya mutum ya bi hanyar Ɗan Isa ko ta Tasawa bai ga mota a gefen titi an ɗaga murfin inji, direba na riƙe da jarkar ruwa yana jiran tururi ya lafa ba. Hukuncin da aka fi yankewa a wurin shi ne lagireto ya gaji, wanda wasu makanikai a nan ke kira radiyatar. Kafin a kai ga saye, ya kamata a tabbatar laifin nasa ne, domin fankar da ba ta tashi, ko famfon ruwan da ya ci, ko murfin da robarsa ta bushe, ko gaskit ɗin kan inji, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, da ya ƙone, kowannensu yana sa mota zafi. Idan an ga kumfa na ta tasowa a bakin lagireto alhali inji bai daɗe da tashi ba, ko man inji ya koma launin shayi da madara, to matsalar tana cikin inji, kuma sabon lagireto ba zai magance ta ba.

Tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 sun zo da lagireton jan ƙarfe da tagulla, wanda ake liƙewa da dalma. Jan ƙarfe ya fi alminiyam saurin ɗaukar zafi, amma dalmar da ke haɗa bututu da siraran fukafukan da iska ke ratsawa tana rage wannan fifiko ƙwarai. Alminiyam kuwa ba shi da nauyi, kuma ana iya yin bututunsa da faɗi har milimita 25, ninki biyu na bututun tagulla da aka saba gani. Saboda haka lagireton alminiyam mai layi biyu na faffaɗan bututu yana iya yin aikin na tagulla mai layi huɗu. Wannan ne ya sa ƙirga layi kaɗai, kamar yadda masu shaguna ke yi idan suna yabon kayansu, ba ya nuna komai sai an san faɗin kowane bututu.

A kasuwa za a tarar da iri biyu. Akwai wanda cikinsa alminiyam ne amma tankunansa na roba, an danne su da haƙoran ƙarfe a kan zoben roba, kuma shi ne irin da yawancin motocin zamani, kamar Corolla da Hilux, ke fitowa da shi daga masana'anta. Akwai kuma wanda gaba ɗayansa alminiyam ne, an yi wa tankunan walda. Na farkon ya fi araha kuma ya fi zama daidai a mazauninsa, sai dai zafi da shekaru suna busar da robar har ta tsage, galibi a wuyan da tiyon sama ke shiga. Na biyun ba shi da wannan rauni, amma ingancinsa ya dogara kacokan kan hannun da ya yi waldar. A ganina, motar da ke zirga-zirgar cikin gari da ɗan zuwa Katsina, mai tankin roba na kamfani sananne irin su Denso, Koyorad, Valeo ko Nissens ya wadatar da ita. Motar da ke ɗaukar kaya ranar kasuwa tana kutsawa cikin rairayi da ƙaramar giya, inda inji ke gurnani amma iska ba ta shiga sosai, ita ce ta cancanci lagireto mai tankin walda. Sunan da ke jikin kwali ba hujja ba ne, domin jabu ya yi yawa; a nemi lambar kayan a jikin lagireton kansa, a gwada ta da ta kwalin.

Hanya mafi sauƙi ta kauce wa kuskure ita ce a kwance tsohon a tafi da shi shago. Motocin da aka shigo da su ta Kwatano sun fito daga ƙasashe daban-daban, kuma mota iri ɗaya ta shekara ɗaya tana iya zuwa da lagireto daban gwargwadon injinta da ƙasar da aka ƙera ta dominta. A jera tsohon da sabon a ƙasa, a auna tsawo da faɗi da kauri, a duba ko bakin tiyon sama da na ƙasa suna gefe ɗaya kuma girmansu ɗaya, a duba ƙafafun da ke zama cikin robobin mazauni da ramukan da ake ɗaure gidan fanka. Idan motar otomatik ce kuma tsohon yana da ƙananan bututu biyu da man giya ke bi ya huce, dole sabon ma ya kasance da su, kuma wannan wuri ne da bai kamata a yi arha a kansa ba, domin idan ya fashe daga ciki ruwa zai gauraya da man giya, asarar kuma ta zarce kuɗin lagireto nesa ba kusa ba.

Batun kauri shi ne inda na taɓa faɗawa. Wani mai shago ya nuna mini mai layi uku yana ta ƙyalli, ya ce, “Alhaji, wannan ko Agadas za ka da shi allura ba za ta motsa ba.” Da aka ɗaura, tazarar da ta rage tsakaninsa da fanka ba ta kai kaurin yatsa ba, sai makanike ya cire gidan fankar don ya samu wuri. Ramin farko da na faɗa a hanyar Tibiri, fanka ta kartsi fukafukan, kuma a cunkoson bakin babbar kasuwa allurar da ke nuna zafin inji ta riƙa hawa fiye da da, domin ba tare da gidan fanka ba iska tana zagayewa ta gefe maimakon ta ratsa lagireton. Lagireto mai kauri yana buƙatar fanka mai ƙarfin jan iska, musamman idan akwai na'urar sanyaya mota a gabansa tana tura masa iska mai ɗumi. Ƙari kaɗan a kan kaurin na asali ya isa, muddin gidan fanka zai koma wurinsa.

A ɗaga lagireton a hango rana ta cikinsa. Fukafukan su kasance a miƙe, haske na wucewa ko'ina. Masu matsatstsun fukafukai suna sanyaya da kyau suna sababbi, amma ƙurar hunturu da ƙaiƙayin gero suna toshe su da wuri, don haka matsakaita sun fi dacewa da ƙasarmu. A duba inda bututu ke shiga farantin tanki: idan an ga an malala wani danƙo mai launin toka, to da gam aka liƙe, kuma gam yana sakewa idan ya sha zafi da girgiza. Waldar kirki tana fitowa a jere kamar an tsara ƙananan kwabbai, babu ramuka. Mai shagon da ya yarda da kayansa ba zai hana a toshe bakunan, a hura iska da famfo, a nitsa lagireton cikin baho a ga ko kumfa zai fito ba. Gwajin nan ya fi zama wajibi ga na kwance, wanda ba a san ruwan da ya sha a baya ba. A tambayi kuma ko akwai mai waldar argon a kusa, wato irin waldar da ake yi wa alminiyam, domin dalmar da ake gyara na tagulla da ita ba ta kama alminiyam.

Murfi ƙaramin abu ne da ake rainawa. A kansa an rubuta 0.9 ko 1.1, wato matsin da yake riƙewa. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma a ƙarƙashin murfi mai 1.1 sai ya kai wajen 120 kafin ya tafasa. A sayi mai lambar da ta zo da motar. Wanda ya fi ƙarfi yana iya fasa tsofaffin tiyo.

Abin da ke kashe lagireton alminiyam a nan ya fi yawa daga ruwan da ake zuba masa. Ruwan rijiya da na fanfo suna ɗauke da gishiri da ma'adinai da ke daskarewa cikin bututu suna cin ƙarfen daga ciki. A yi amfani da ruwan sanyaya inji na galan wanda aka riga aka gauraya, ko a haɗa mai kauri rabi da rabi da tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, a kula kada a ɗauko mai asid. Kada a gauraya iri biyu mabambanta, kuma a wanke tsohon ruwa mai tsatsa daga inji tukuna. Tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tare ruwa har sai inji ya ɗumama, wanda makanikai suka saba cirewa da sunan ƙasarmu ba ta sanyi, a mayar da shi. A yawancin motocin Toyota yana buɗewa ne a wajen digiri 82, kuma injin da ke aiki ba tare da shi ba yana shan mai fiye da ƙima.

Wajen ɗaurawa, a zaunar da shi kan robobinsa, kada ƙarfe ya taɓa ƙarfe, a kuma tabbatar wayar da ke haɗa inji da jikin mota tana ɗaure tam, domin wutar da ta rasa hanya takan bi ta cikin ruwa ta huda alminiyam. A cika ruwa, a tayar da inji murfi a buɗe har iskar da ta maƙale ta fita, sannan a rufe a jira fanka ta tashi ta tsaya sau biyu. Washegari da safe, inji na sanyi, a buɗe murfin a ƙara abin da ya ragu, a leƙa ƙarƙashin mota a ga ko ƙasa ta jiƙe.