Darasi na 6: Wayarin Zobe da Wayarin Miƙaƙƙe a Cikin Gida

Kafin a taɓa ko sukuru ɗaya, a kashe wuta. A sauke babban makunni a akwatin bireka (bireka ita ce makunnin da ke faɗuwa da kansa idan nauyi ya yi wa layi yawa), a kashe janareta, idan gidan yana da inbata ita ma a kashe ta. Sannan a ɗora testa a kan waya a tabbatar. Kada wani ya ce ai NEPA ta ɗauke. Duk wanda ya zauna a Kaduna ya san ana dawo da ita ba sallama.

Kashi na 1: Miƙaƙƙe

Wannan shi ne mai sauƙi. Waya ta fito daga bireka, ta shiga soket na farko, ta wuce na biyu, ta wuce na uku, ta tsaya a na ƙarshe. Ba ta komawa ko'ina. Idan ka kwance soket na ƙarshe za ka ga wayoyi uku kawai: ja mai ɗauke da wuta, baƙa, da koriya ta ƙasa. A sabon kebur kuma ruwan ƙasa ne, shuɗiya, da koriya mai ratsin ɗorawa.

Ku rubuta wannan a littafinku. Waya mai kaurin 2.5 (murabba'in milimita) tana tafiya da bireka mai lamba 20, wato amp 20. Waya mai kaurin 4 tana ɗaukar bireka 32. Fitilu kuwa waya 1.5 da bireka 6. Lambar tana rubuce a gaban bireka, wani lokaci da harafi a gabanta, kamar B20 ko C32. Wanda karatun lamba yake ba wahala har yanzu, kada ya ji kunya. Ya ɗauki bireka a hannu ya kwatanta da abin da ke cikin littafin nan, a hankali ido zai saba.

Kashi na 2: Zobe

A nan waya tana fitowa daga bireka, ta zaga duk soket ɗin, sannan ta dawo cikin bireka ɗin da ta fito. Wannan tsari daga Ingila muka gaje shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tagulla ta yi ƙaranci a can, ga gidaje da yawa da za a sake ginawa, sai aka ɓullo da shi tare da filogi mai ƙafa uku da fis na amp 13 a ciki, a shekarar 1947. Shi ne irin filogin da ke jikin dutsen gugarku. Da yake wuta tana isa kowane soket ta hanya biyu, wayoyin suna raba nauyi, shi ya sa aka yarda a sa wa waya 2.5 bireka 32. Zobe ɗaya kada ya wuce fili mai faɗin murabba'in mita 100.

To yanzu ku natsu, ga inda ake tuntuɓe.

Bakin wayar da ya fita da bakin da ya dawo, bireka ɗaya suke shiga. Ja biyu a rami ɗaya na bireka ɗaya. Baƙa biyu a sandar baƙaƙe. Koriya biyu a sandar ƙasa. Na ga masu koyo da yawa, masu ƙoƙari ma, sun zo akwatin bireka sun ga jajaye biyu a hannunsu, sai su ce ai waya biyu bireka biyu. A'a. Idan ka raba su, ranar da wani ya zo gyara ya sauke bireka ɗaya, zai ɗauka ya kashe wuta, alhali ɗayar tana ci gaba da turo ta ta baya. Allah ya kiyaye. Ja biyu, bireka ɗaya.

Ku je bayan soket kuma. A cikin zobe kowane rami yana riƙe da waya biyu: wadda ta shigo da wadda za ta wuce. Ka fere su daidai, ka zura su tare, ka ɗaure sukuru, sannan ka ja kowace ɗaya da hannunka, ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa sukurun yana danne ɗaya ne ya bar ɗaya tana lilo, kana tura soket cikin akwatinsa ta sulale, kai ba ka gani ba.

Me zai faru? Babu abin da za a gani, kuma wannan ne haɗarin. Fanka na juyawa, firij na aiki, mai gida na sa maka albarka. Amma zoben ya tsinke, ya koma miƙaƙƙe guda biyu, kowane da siririyar waya 2.5 a ƙarƙashin bireka 32. Ranar da aka haɗa hita, dutsen guga da tukunyar lantarki a ɓangare ɗaya, wayar za ta yi ta zafi a cikin bango, birekar kuma ba ta faɗi ba, don a wurinta ba a wuce iyaka ba. Idan wayar ma irin ta arahar nan ce da aka rubuta 2.5 a jiki alhali tagullar ciki ba ta kai ba, abin ya fi muni.

Saboda haka a gwada. Wuta a kashe. Ka cire jajayen nan biyu daga bireka, ka murɗa mitar gwaji zuwa inda take ƙara, ka ɗora baki ɗaya a kan kowace ja. Idan ta yi ƙara ta nuna 'yar ƙaramar lamba, zoben ya haɗu. Idan ta yi shiru ta nuna OL ko 1, akwai inda ya tsinke, sai a bi soket ɗaya bayan ɗaya. Ka yi wa baƙaƙen haka, lambarsu ta zo kusa da ta jajaye. Ka yi wa korayen haka. Gwaji uku, ba ɗaya ba.

Wallahi abin yana ba ni haushi in ga magidanci da gemunsa ya soka cajar waya a soket, ta kawo haske, ya ce ya gwada. Wannan ba gwaji ba ne, dan'uwa. Tsinkakken zobe ma yana cajin waya. Gidan mutane ne, da yara a ciki. In ba ka da mita ka ara, in ba ka iya karanta ta ba ka zo a nuna maka, ba wanda zai yi maka dariya. Gama gwaji, ka mai da jajayen biyu inda suka fito. Bireka nawa? Ɗaya.

Kashi na 3: Reshe

Ana iya jan reshe daga soket na zobe zuwa soket ɗaya tak. Ba a jan reshe daga reshe.

Kashi na 4: Manyan kaya

Na'urar sanyaya ɗaki, hitar wanka da kukar girki ta lantarki, kowace a ja mata miƙaƙƙen layinta da birekarta. Ga soket ɗin ɗaki ciki da falo ko shago kuwa, miƙaƙƙe da bireka 20 ya isa.

Aikin gida: a zana zobe mai soket 4. A zo da mita ranar Asabar.