Na'urar jan ƙarfe ko kulorin: yadda nake riƙe ruwan kwamin ninkaya a gidajen East Legon

Shekara 11 ke nan ina fita daga Nima bayan sallar asuba, in hau trotro, wato motar haya, zuwa East Legon da Adjiringanor a nan Accra, ina bi gida gida ina kula da kwamin ninkaya. Gida 7 ne a hannuna yanzu. Uku an saka musu na'urar jan ƙarfe, sauran kulorin zalla muke zubawa. Tambayar da masu gida suka fi yi mini ita ce, idan suka sayi na'urar nan sun huta da sayen kulorin? Nakan ce musu za ku rage, amma ba za ku daina ba.

Na'urar ba wani abin al'ajabi ba ce. Sanduna biyu ne na jan ƙarfe, wani lokaci da haɗin azurfa, a cikin ɗan bututu da ake jonawa bayan tukunyar tace ruwa. Wuta 'yar kaɗan ke ratsa su, sai ƙarfen ya riƙa narkewa cikin ruwan a hankali. Akwai kuma ƙarama mai yawo a saman ruwa da faifan sola a kanta. Masu sayarwa suna son ambaton NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, kuma gaskiya ne ta ƙera na'urar azurfa don tsabtace ruwan shan 'yan sama jannatin Apollo a shekarun 1960. Sai dai ruwan nasu a rufe yake cikin tanki, babu yaron da ya shafa man kaɗanya ya faɗa ciki.

A yaƙi da gansakuka, jan ƙarfe gwani ne. Rana ba ta cin sa, zafi ba ya korar sa, idan ya shiga ruwa yana nan sai an zubar da ruwan. Kulorin kuwa, in ba shi da kariya, ranar Accra takan cinye mafi yawansa cikin 'yan awoyi. Amma abu biyu sun gagari jan ƙarfe. Na farko, ba shi da sauri wajen kashe ƙwayoyin cuta. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kulorin a ma'aunin 1 ppm, wato giram 1 a lita 1,000 na ruwa, yana kashe ƙwayar E. coli cikin ƙasa da minti ɗaya, jan ƙarfe kuwa bai ko kusanci wannan saurin ba, alhali yaron da ke kusa da mai gudawa ba zai jira ba kafin ya kurɓi ruwan. Na biyu, ba ya ƙona datti. Gumi, fitsari, man shafawa, man gashi, duk suna nan yadda suka shiga har sai kulorin ya zo ya cinye su.

Na ga wannan da idona a gidan wata Hajiya. Ɗanta ya aiko mata da na'urar daga Jamus, ta ce in daina kawo kulorin, wai yana sa jikokinta jan ido. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ko ɗan kaɗan ne a bari." Ta ce, "Ɗan nan, abin Turai ne fa." Na yi shiru. Mako uku ruwan yana sheƙi, har na fara jin kunya. Sai aka yi babbar Sallah, yara kusan 20 suka wuni a ciki. Kwana biyu bayan nan ruwan ya yi fari kamar an dama koko, gefen kwamin yana santsi. Mai gadi, da niyyar taimako, ya murɗa na'urar har ƙarshe ya bar ta haka mako guda. Da na auna, jan ƙarfen ya haura 1 ppm, tsakankanin tayil duk ya rine shuɗi shuɗi. Sai da muka zubar da rabin ruwan, aka sayo tanka aka cike, ni kuma na kwana biyu ina gurzar bango.

Ga yadda nake yi yanzu duk gidan da aka kawo na'urar.

Fara da sanin yawan ruwanka. Tsawo sau faɗi sau zurfi, a mita. Kwami mai mita 8 da mita 4, zurfinsa mita ɗaya da rabi, yana ɗaukar lita 48,000. Shi kuma ppm ɗin da ake ta faɗa, giram 1 ne a cikin lita 1,000. Ke nan in kana son ɗaga kulorin da 1 ppm a wannan kwamin, giram 48 na tsantsarsa kake buƙata. Garin kulorin da muke saya a bokiti ƙarfinsa kashi 65 zuwa 70 ne cikin ɗari, don haka wajen giram 75 za ka auna. Ka sayi ƙaramin sikeli irin na masu kek. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan aikin bai sani ba, ruwa yana iya yin garau alhali babu ko ɗigon kulorin a ciki.

Kada ka kunna na'urar sai ka daidaita pH, wato ma'aunin tsamin ruwa. Wannan shi ne wurin da mutane suka fi faɗuwa. Ka riƙe shi tsakanin 7.2 da 7.6. Da zarar ya haura 7.8, jan ƙarfen sai ya fara fita daga cikin ruwa ya manne a bango, a matakala, a gashin mai furfura ko wadda ta rina gashinta fari, ya mai da shi kore. Mutane sukan ɗora wa kulorin laifin koren gashi, alhali aikin jan ƙarfe ne. In pH ya hau, ka zuba asid kaɗan kaɗan injin yana aiki, ka jira awa huɗu ka sake aunawa. Alkaliniti kuma 80 zuwa 120, shi ke hana pH rawa.

Sannan ka kunna, kuma sai da abin auna jan ƙarfe a hannunka, domin ɗan akwatin gwajin da aka saba, mai ruwan ɗorawa da ja, kulorin da pH kawai yake nunawa. Ka riƙa aunawa bayan kowane kwana biyu. Idan jan ƙarfen ya kai 0.2 zuwa 0.3 ppm, ka rage na'urar sosai ko ka kashe ta, ka koma aunawa mako mako. Ni ba na barin ya wuce 0.4. Tun da ba ya ƙarewa da kansa, abin da ka ƙara yau yana hawa ne a kan na jiya.

Kulorin kuma, wasu kamfanonin na'urar suna cewa 0.5 ya isa. Ni 1 nake riƙewa, domin 0.5 da safe sifili ne kafin azahar a watan Maris. In kana amfani da ƙwayar kulorin, farar dunƙulen nan da ake sakawa a kwando mai yawo, to ka riƙe 2. Ƙwayar tana ɗauke da sinadarin sayanurik, wanda ke yi wa kulorin laima daga rana amma yake rage masa kaifi. Shi ma taruwa yake yi. Tsakanin 30 da 50 ya yi daidai. In ya haura 100 ga jan ƙarfe a ruwa, za ka iya wayar gari ka ga wani gari mai launin shunayya a bango. Maganinsa zubar da wani ɓangare na ruwan.

Bayan taro, ko bayan ruwan sama mai ƙarfi irin na Yuni, sai an yi wa kwamin babban zubi, wato a kai kulorin 10 ppm. A kwaminmu na lita 48,000, giram 750 ke nan. Da magariba ake yi don rana kada ta cinye, injin ya kwana yana aiki, kuma babu mai shiga sai ya sauko ƙasa da 5. A gidan da ke da na'ura, ka auna jan ƙarfen tukuna, kuma ka narka garin a bokiti cike da ruwa kafin ka zuba. In ka watsa shi busasshe jan ƙarfe ya yi yawa, duk inda ya sauka zai bar baƙin tabo.

Inda na'urar ta fi burge ni shi ne lokacin dumsor, wato yawan ɗauke wuta. In wuta ta ɗauke kwana biyu babu janareta, kwamin kulorin zalla yakan fara kore, mai jan ƙarfe kuwa yana jurewa. Haka gidajen 'yan boga, waɗanda ke zaune a Landan ko Hambog ba sa zuwa sai Disamba: babu mai wanka, gansakuka ce kaɗai abokiyar gaba, a nan nakan ce a saya. Masauki mai baƙi kullum, ko gidan da yara ke shiga kowace yamma, kuɗin na'urar gara a sa shi a kulorin da akwatin gwaji mai kyau. Mai kwamin farin siminti ma ya yi tunani, domin ya fi tayil kama tabo.

Da hunturu ƙura takan cika tukunyar tacewa, muna yawan wanke ta, kuma kowane wanki yana tafiya da jan ƙarfe, sai a sake aunawa. Mai cikawa da ruwan burtsatse ya gwada shi tukuna: wani yana da ƙarfe a ciki, kulorin na taɓa shi sai ya koma ruwan shayi. Sandunan na'urar kuma suna yin ɓawo, ina ciro su wata wata in goge da buroshi, idan sun sirance a canza.

Abin da na fara koya wa yaron da ke bi na shi ne ajiya. Garin kulorin da ƙwayar kulorin ba sa haɗuwa a bokiti ɗaya ko cokali ɗaya, suna iya kamawa da wuta. Asid ma nesa da su duka, domin hayaƙin da haɗuwarsu ke fitarwa yana shaƙe mutum. Kuma magani ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin magani. A gidan Hajiya, garin yana ɗakin injin a kan katako, asid ɗin yana can bayan kicin, makullan duka biyu suna aljihuna.