Matakan ceton wanda abinci ya shaƙe

Mutum na cikin cin abinci sai ya dafe wuya, ido ya firfito, magana ta gagara. Loma ce ta toshe hanyar numfashi, kuma ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 idan iska ta yanke.

1. Tambaye shi ko ya shaƙe. In yana amsawa ko yana tari da ƙarfi, bar shi ya ci gaba da tarin. Kada ka ba shi ruwa.

2. In murya ta ɗauke, sa wani ya kira motar asibiti. Tallafe ƙirjinsa, ka sunkuyar da shi gaba, ka bugi tsakanin allunan kafaɗarsa da gindin tafin hannu sau 5. Sunkuyarwar nan wajibi ce, don in yana tsaye ƙyam lomar na iya ƙara gangarawa ciki.

3. Lomar ba ta fito ba? Zagaya bayansa, ka ɗora dunƙulallen hannu sama da cibiya kaɗan, ƙasa da ƙashin ƙirji. Riƙe dunƙulallen hannun da ɗaya hannun, ka fizgo ciki da sama sau 5. Mai juna biyu a ƙirji ake danna mata, jariri ɗan ƙasa da shekara 1 kuwa ba a matsa masa ciki sam.

4. Yi ta maimaita bugu 5, fizga 5.

5. In ya suma, kwantar da shi rigingine a ƙasa, ka danna tsakiyar ƙirji sau 30, zurfin santimita 5 zuwa 6. Duba bakin kafin ka hura masa iska sau 2. Abin da ido ya gani kaɗai za ka ciro, lalube da yatsa tura lomar yake yi.