Yadda ake wanke hanyar mai ta mota ba tare da an ƙone fanfon mai ba

Da mota ta fara shaƙewa in an taka totur, tana karkarwa a tsaye, shan esans ya ƙaru, sai mai ita ya ruga ya sayo kwalbar maganin wanke anjektar, wato masu fesa mai cikin inji, ya juye a tanki. Ni ma haka na yi, kuma da tsakar rana motar ta mace mini a hanyar Gidan Rumji.

Daga tanki ake farawa. Mu nan Maradi da yawanmu man kwalba muke sha wurin 'yan ruwa-ruwa, ga ƙurar hunturu, ga bidon da ba a wankewa. Ruwa ya fi esans nauyi, don haka ƙasan tanki yake kwanciya tare da yashi da tsatsa. Maganin nan datti mai danƙo yake narkarwa, ba ya cin yashi. Abin da ya yi mini shi ne ya tayar da laka, lakar ta toshe rariyar fanfon mai, fanfo ya yi ta ja babu mai har ya ƙone. Na tsere wa kuɗin wankin tanki, na biya kuɗin sabon fanfo da na janwe.

To ka bari mai ya kusa ƙarewa. Cire fis na fanfo, ka tayar da mota har ta mutu da kanta, don ƙarfin man da ke cikin tiyo ya sauka. In ba haka ba zai feso maka a ido. Sannan ka cire kan batir na baƙar waya. A fili ake wannan aiki, nesa da murhun mai shayi da masu taba. Sauke tanki, zubar da ragowar, ɗauraye da esans mai tsabta sau biyu. Ni ban yarda da sa ruwa da omo ba ko kaɗan, duk da akwai masu yi su shanya. Rariyar fanfo kuwa, in ta yi baƙi, canja ta kawai, ba ta da tsada.

Sai filtar mai. Sabuwa za ka sa, kada makanike ya hura tsohuwa da baki ya ce ta gyaru. Akwai kibiya a jikinta, wajen inji take kallo.

Yanzu ne lokacin maganin. Karanta kwalbar, na esans daban na gazwal daban, kuma an rubuta litar da yake ɗauka. Zuba shi tukuna, ka cika tanki a gidan mai, ka hau kwalta zuwa Tasawa ka dawo. 

In har yanzu tana karkarwa, a ciro anjektar a kai wa masu injin wanki, a sa sababbin robobi wajen mayarwa. Kada ka bari a tsokane bakinsu da allura, ramukan ƙanana ne, da sun buɗe sai saye.