Kurakuran da masu ridi da zoɓo ke yi kan dokar jiragen ruwa na cikin gida

A kasuwar Maigatari ko ta Gumel, da zarar ridi ya karye, ba a rasa mai cewa ai gwamnati ce ta hana jiragen ruwan ƙasashen waje ɗaukar kaya. Wasu dillalai na jin daɗin wannan magana, don da ita suke taya buhu a wulaƙance. Dokar da ake nufi, wadda aka kafa a 2003, jigilar cikin gida kawai ta shafa: daga Legas zuwa Warri, ko Onne, ko Kalaba. Ridin da za a kai Japan da zoɓon da za a kai Meziko ba ruwansu da ita. In dillali ya kawo maka wannan hujja, kira wani naka a Dawanau ka ji yadda aka sayar yau kafin ka kwance bakin buhu.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne na haraji. Gaskiya ne dokar ta ɗora kashi 2 cikin 100 na kuɗin kwangila, amma a kan jirgin da ke aikin cikin gida, kuma yana tafiya ne asusun da aka ware don taimaka wa 'yan ƙasa su mallaki jirage. Ejan ɗin da ya cusa shi a lissafin kwantenarka mai fita waje, ce masa ya kawo rasit. Yawanci daga nan zancen ke sauyawa.

Akwai kuma masu zaton ba jirgin baƙi ko ɗaya a ruwanmu. Sharuɗɗan dokar dai huɗu ne: jirgi ya zama na 'yan Najeriya, a nan aka ƙera shi, a nan aka yi masa rajista, ma'aikatansa 'yan ƙasa. To amma ina muke ƙera manyan jirage? Shi ya sa minista ke da ikon ɗage sharaɗi idan babu na gida.

Sai ɓata tafiya zuwa ofishin da ba shi ba. NIMASA, hukumar kula da harkokin jiragen ruwa, ce ke kula da dokar, amma mai fitar da kaya rajistar NEPC (hukumar bunƙasa fitar da kaya waje) da fom ɗin NXP (na bayyana kayan da za a fitar) ta banki yake buƙata. Kuma kafin ka ɗauki hayar tirela zuwa Apapa, leƙa tashar tsandauri ta Dala, wato tashar kwantena ta kan tudu da ke Zawaciki a Kano, wadda aka buɗe a 2023, ka kwatanta kuɗin.